Surajo da Itatuwan Rashad

Surajo mutumin Malumfashi ne, direba a wani gida da ke unguwar Al Gharrafa. Tuƙi ya kawo shi Doha, amma da yake a lambun mahaifinsa ya tashi, ba ya iya wuce shuka mai ƙishi. A haka ban ruwan furannin gidan ya dawo wuyansa ba tare da kowa ya ɗora masa ba.

Uwar gidan, wadda kowa ke kira Mama, ɗanta ɗaya ne, Rashad. A Kanada ya yi karatu. Da ya dawo ya sa aka kawo masa wasu 'yan itatuwa biyu a manyan tukwane, sunansu holi. Ganyensu kore shar mai sheƙi, da ƙayoyi a gefe, ba ya kaɗewa ko ƙanƙara na zuba. Ya ce irinsu ne a ƙofar gidan da ya zauna a can. Da sanyi aka kawo su, suka zauna lafiya. Kafin zafi ya shigo, Rashad ya rasu a hatsarin mota. Tun daga nan, kullum da safe Mama ke sa a fito mata da kujera kusa da tukwanen.

Da watan Yuni ya kama, aka ce sai an fita da ita ƙasar waje aikin zuciya. A hanyar filin jirgi ta ce, "Surajo, itatuwan Rashad. Amana ce."

"In sha Allahu, Mama."

Ba a daɗe ba bakin ganyen ya fara ƙonewa. Surajo ya ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Wata rana da azahar ya dafa tukunyar, sai da ya janye hannu. Abinci ya daina shigar masa. Ya ɗauki hoto ya nufi unguwar Mesaimeer wurin Gariba, wani mutumin zangon Kumasi da ke aiki a gidan sayar da shuke-shuke.

Gariba ya daɗe yana kallon hoton. "A ƙasarsu sanyi ke kashe saiwar, shi ya sa suke naɗe tukunyar da buhu. A nan zafi ke dafa ta. Kai kuma ka cika ruwa, ta fara ruɓa."

"To yaya zan yi, ɗan'uwa?"

"Rage ruwan. Kai su ɗaki mai esi, kusa da taga. Amma ba zan ruɗe ka ba, itacen nan ba na ƙasar nan ba ne."

Babban gida a kulle yake, sai ɗakinsa na bakin get. Ya jingine gadonsa da bango, ya jawo tukwanen ciki, ya koma kwana a ƙasa. Ya ƙure esi har sai ya sa rigar sanyi a tsakiyar Yuli, tari ya kama shi. In zai yi sujada sai ya karkace, don kada ƙaya ta yage shi. Ko an aike shi cikin gari, hankalinsa na kan wutar ɗakin, kada ta ɗauke.

Ɗaya ta farfaɗo. Ɗayar ta ci gaba da zubar da ganye har ta zama tsinke. Ya kankare ɓawonta da farce, babu ɗigon kore.

Bayan an yi wa Mama aiki, ta riƙa kiransa ta bidiyo tana cewa ya nuna mata. Sai ya haska mai ran, ya tsaya ya kare ɗayar da jikinsa. Ya kira matarsa Raliya a gida ya gaya mata.

"Ka faɗa mata gaskiya, Malam."

"Matar da aka tsaga wa ƙirji jiya-jiya? In wani abu ya same ta fa?"

Surajo ya koma wurin Gariba ko za a samo wata. Gariba ya ce ba mai shigo da ita da zafin nan, ko ma an samo, uwar da ta san kowane reshe ba za ta kasa ganewa ba.

Ranar da Mama ta dawo, Surajo ya turo tukwanen biyu a baro har cikin falo. Ya faɗa mata komai yana kallon ƙasa, har da ɓoyon da ya riƙa yi a waya.

Ta miƙa hannu ta taɓa busasshen reshen, ya karye. Ta riƙe guntun a tafinta.

"Na gani tun a wayar," in ji ta. "Khalas, shi ke nan. Kada ka yar da ita, ajiye su tare."

Har yau Surajo na gidan, mai ran tana falon Mama kusa da taga. Gariba ya koya masa yanko ɗan reshe ya dasa a ƙaramin kofi, ko Allah zai sa a samu ta biyu. Na farko ya bushe. Na yanzu bai bushe ba, bai kuma yi saiwa ba tukuna, kowace safiya sai Surajo ya leƙa shi kafin ya ɗauki makullin mota.