Shekarar da Aka Hana Kaka Yaɓe

Makon jiya ina kan babur za mu wuce Wagini, sai warin makuba ya buge ni daga bayan wani danga. Wata tsohuwa ce ta jiƙa ɓawon ɗorawa za ta shafe ɗakinta. Mai babur yana ta surutu, ni kuwa tuni na koma 'yar shekara goma sha ɗaya, ina tsaye bayan Kaka a ƙofar gidan majigi.

In ba a garinmu ka tashi ba, ba ka san gidan ba. Ginin ƙasa ne tun zamanin En'e, dogo, da bakan gizo uku masu riƙe da rufin soro, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Kakana na wajen uba ne ya ɗaga su da ƙuruciyarsa. A ciki ake nuna majigi, 'yan makaranta kuma su yi wasan kwaikwayo ranar Asabar da la'asar. Ko da tsakar bazara cikinsa sanyi ne da shi kamar randa. Goggo ta taɓa tsegunta mini cewa a nan Baba ya fara ganin Inna, tana cikin 'yan mata masu rera waƙa. Ni da nake ɓoye littattafan soyayya a ƙarƙashin tabarma, sai na yanke a raina cewa nawa rabon ma yana can ciki yana jirana, jingine da bango, sanye da farar riga.

Kowace bazara Kaka yakan tara maza a yi wa rufin yaɓe, a share indararo, a bi da makuba. Sai aka shiga fari da tsada. Maza suka watse cin rani, mata suna dafa tafasa da ɗan ƙuli a kira shi abincin rana. Shekara biyu ba a hau rufin ba. A ta uku tsaga ta fito a bakan tsakiya, har hannu yana shiga.

Kowa ya yarda a gyara. Abin da za a yi da gidan bayan gyara shi ne ya raba gari. Dattawa suka kafa kwamiti, Baba ne sakatare, suka ce a mai da shi ma'ajiyar hatsin agaji, ciki da yunwa ba ya kallon wasa. Samari suka kafa nasu, Baffa ƙanen Baba ne shugaba, suka ce su za su riƙe shi su kawo bidiyo, garin da babu abinci a bar masa ko dariya. Dattawa suka sa wa ƙofa kwaɗo. Kashegari samari suka ɗora nasu a sama.

A wajenmu akwai magana tun kaka da kakanni: wanda ya yi wa gini yaɓe, shi ke da ginin. Da ita ake raba gardamar kango, da ita ake gane mai rumbu. To Kaka a gidanmu yake ci yake kwana. Da ya kwaɓa ƙasa ya jiƙa makuba tulu shida, sai Baffa ya zo ya durƙusa gaban Kaka a zaure, ina daga soro ina ji.

“Baba, ka yi haƙuri. Tuwon Yaya kake ci. In ka hau rufin nan, hannun Yaya ne ya hau.”

“Hannun wa? Da hannun nan na yi maka wanka kana jariri, ja'iri.”

Baffa ya yi dariya, amma bai ba da makulli ba.

Kaka bai yi fushi ba. Ya naɗe buzunsa ya koma gidan Baffa. Da zai fita ya ja kunnena ya ce, “Amarya, na yi yaji, kwana bakwai. Kar ki kula wani.” Da kwanakin suka cika ya aiko a kira Baba. Baba ya je, ya sunkuyar da kai ya ce dattawa sun zauna, tunda yanzu tuwon Baffa yake ci, ba su amince ba. Kaka bai taɓa kiran sunan Baba ba saboda ɗan fari ne. Ran nan ma bai kira ba. Cewa kawai ya yi, “Kai wannan, ruwa bai san kwamiti ba.”

Daga nan ya tare a rumfar masallaci, ya ce a bar shi ya ci na sadaka, a ga ko hannun wa zai zama. Gari ya ɗauka da surutu, ana cewa 'ya'ya biyu sun bar uba a rumfa. Kunya ta sa suka je tare suka ɗauko shi, amma a hanya ma gardamar gidan da zai sauka suke yi. Makuba ta yi tsami a tulu, Inna ta zubar a bayan gida. Aka kai magana gaban hakimi, ya ce kada wanda ya taɓa ginin sai an sasanta. Aka sa rana, aka ɗaga, aka sake sawa.

Bayan shekarun fari, sai ga damina mai albarka. Mutane suna hamdala a gonaki, Kaka yana zaune a ƙofar gida yana kallon gabas. In hadari ya haɗo, sai ya juya ya dubi wajen gidan majigi. Rufin ya sha ruwan shuka ya jure, ya sha na noman farko. Cikin marka aka yi kwana uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu da hantsi, muna tankaɗe, muka ji wani gum mai nauyi, har kwanoni suka yi ƙara a kan kanta.

Duk gari ya ruga. Bakan tsakiya ya zauna, ya ja sauran biyun. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, wa zai shiga? Gaban ginin kaɗai ya tsaya, ƙofa a rufe ram da kwaɗo biyu, bayanta sararin sama. Kaka ya iso a hankali da sandarsa. Ya tsuguna ya ɗebi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya murza, ya ware wani guntun ciyawa da ya kwaɓa da ita tun kafin a haifi Baba. Na jira ya yi kuka ko ya yi baki, kamar yadda tsofaffi suke yi a littattafaina. Goge hannu kawai ya yi a riga ya juya. Bai ƙara taɓa ƙasar gini ba, ko katangar gidanmu da ta zube bai duba ba. Bai ga wata daminar ba.

Yanzu filin yana nan. Matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan yamma ne suka kafa bukkokin leda a wajen, ruwa yana dukansu da 'ya'yansu. Baba da Baffa sun tsufa, tabarma ɗaya suke zama, goro ɗaya suke rabawa. Bara wasu matasa masu karatu suka zo da takarda, suna so a sake gina gidan yadda yake, da ƙasa da azara. Sun zaga Batsari da Safana ba su sami magini ba, shi ne suka zo tambaya ko akwai wanda ya gaji ɗaga bakan gizo a gidanmu. Baffa ya dubi ƙasa. Baba ya ce, “Mutum ɗaya ne ya iya. Ya roƙe mu, mun hana shi.”