Kwamfutar Baffa Mai Kafa Biyu

Jiya na shiga shagon Baffa a Karaye, ƙaurin ƙonanniyar roba ya tare ni tun daga ƙofa. Shekara ɗaya kacal da rasuwarsa, har an kashe masa kwamfuta.

Tsohuwa ce, kafa biyu gare ta a baya inda ake jona kaya. Baffa ba ya jona wani abu sai ya zare wani. Yakan ce, "Biyu aka yi mata, ku bar ta da biyunta." Wata rana na zo daga Yammedi wayata ba caji. Ya zare maus ɗin da yake aiki da shi, ya jona min. Na ce, "Baffa, aikinka fa?" Ya ce, "Aiki ya jira, ke zauna." Muka yi ta ɓarar gyaɗa har la'asar.

Yayana da ya gaji shagon ya sayo wani ɗan akwati mai kafa bakwai, ya haɗa shi da kwamfutar. Ya jona firinta, da sikana, da wayoyin maƙwabta, har da 'yar fanka. Kwamfuta ta yi hayaƙi ta mutu. Hotunan Baffa duk suna ciki, kuma mai gyara ya ce ko ɗaya ba zai fito ba.

Na ce, "Yaya, fanka? Fanka fa!"

Ya ce, "To ai zafi ake yi."

Yau ko gaishe shi ban yi ba. Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya sanyaya min zuciya, don har yanzu tafasa take.