Ruwan Kajin Yayana

Shekarun baya, lokacin da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan, yayana yana kiwon kajin ƙwai a bayan gidansa da ke hanyar Bukuru. Da su yake ciyar da iyalinsa. A lokacin, duk gonar da aka yi zargin cutar ta shiga, ma'aikata kan zo su kashe kajin gaba ɗaya, su binne.

Yana da wani garin bitamin mai ruwan ɗorawa da yake zuba musu a ruwan sha. Kajin maƙwabta suka yi ta faɗuwa, nasa suna nan garau. Daga nan ya sakankance cewa garin ne ya kare su.

Sai mura ta kama shi, irin wadda sanyin Jos ya saba kawowa. Da na je duba shi, na tarar yana kaɗa garin nan a kofi.

Na ce, "Yaya, na kaji ne fa."

Ya ce, "To, ɗan boko. Kaza ba rai gare ta ba? Abin da ya tsare ta zai tsare ni."

Na kawo maganar asibiti, ya ɗaga mini hannu. "In suka ji mai kaji yana tari, gobe za su zo su share mini gona. Kai za ka riƙe mini yaran?"

Matar da ke sayar masa da abincin kaji, wata Inyamura mai shago a bakin titi, ita ma ta yi masa faɗa. "Oga, wannan tari ba kyau. Ka tafi asibiti, kaza ba zai gudu ba."

Ni kuwa, da nake ganin na fi shi wayewa, kemis na nufa na sayo masa bitamin na mutane, ƙwayoyi masu ɗanɗanon lemo. Ya karɓa yana dariya, ya ce nawa kwalba ce kawai ta fi kyau.

Tarin ya sauka ƙirji. Numfashinsa ya koma sama-sama, har ba ya iya kai fatiha ƙarshe sai ya tsaya. Ranar da ya kasa miƙewa, muka ɗauke shi a mota ba tare da mun nemi izininsa ba.

Likita ya ce ba murar tsuntsaye ba ce. Mura ce ta yau da kullum ta buɗe wa ciwon huhu ƙofa, kuma da an zo da wuri, da akwai abin yi. Bai tambayi sana'arsa ba ma. Washegari yayana ya cika.

Har yau ba na ƙin bitamin, yana da wurinsa. Amma in wani mai tari ya tambaye ni wanne zai saya, numfashinsa nake fara saurara kafin in ba shi amsa.

Da muka dawo daga maƙabarta, na leƙa bayan gida. Kajin suna ta shan ruwansu mai ruwan ɗorawa. Ko ɗaya ba ta mutu ba.