Na'urar da Ta Ce Ƙirjina Lafiya Lau

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Masu kawo mini ɗinki sun yi ta tarar da shagona na Rano a kulle, wasu har sun ɗauka na koma gida Tarai noma ne. Jinya na yi, ni da 'yata Ummi. Yau nake jin zan iya ba da labari.

Da tari abin ya fara, bayan an kawar da amfanin gona. Na ɗauka ƙurar yadi ce. Sai zazzaɓin yamma ya shigo, sai gumi, sai wandona ya fara zamewa daga ƙugu. Tela ne ni, ba na buƙatar sikeli kafin in san mutum ya rame.

Ana cikin haka wata ranar kasuwa aka kawo babbar mota mai ɗaukar hoton ƙirji kyauta, ana neman masu tarin fuka. Aka ce ba likita ne zai duba hoton ba, kwamfuta ce mai ƙirƙirarriyar basira, wai idonta ya fi na mutum kaifi. Na bi layi.

Aka ɗauke ni hoto, ma'aikacin ya leƙa allon kwamfuta ya ce, "Malam, kai lafiya lau kake. Lambar da na'ura ta ba ka ba ta kai ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na fi wata ina tari. Ga shi ana ba wasu 'yar roba su tofa majina a gwada. Ni fa?"

Ya ce, "Wanda na'ura ta ware shi muke ba. Ka sayi maganin tari a kemis."

Bai taɓa ni ba, bai tambaye ni komai ba. Kuma wallahi murna na yi. Kafin nan na fara kwana a zaure don gudun shafa wa iyali, ranar na kwashe tabarmata na koma ɗaki. Ummi ta saba barci a jikina, ta dawo wurinta.

Yayata Habi ce ta zo daga Kibiya ta gan ni, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa.

Ta ce, "Sule, wa ya ce maka lafiya kake?"

Na ce na'ura.

Ta ce, "Ita na'urar ta ji tarin nan? In ka mutu ita za ta zo mana gaisuwa? Tashi mu tafi asibiti."

A asibitin ma sai da aka so a mayar da mu. Mai karɓar suna ya buga lambar wayata, sakamakon motar nan ya fito masa, ya ce ai an riga an tantance ni. Ban san hoton ƙirjina ya riga ni zuwa ba, kuma ba wanda ya nemi izinina. Yaya Habi ta zauna a benci ta ce ba inda za ta sai likita ya gan ni.

Likitar mace ce. Ta ɗora abin sauraro a bayana, ta ce in ja numfashi. Ta sa aka gwada majina. Sakamako ya fito, tarin fuka ne, har ya yi nisa.

Sai ta tambaye ni: "Wa ke kwana kusa da kai?"

Aka kawo iyalina duka. Matata da babban ɗana sun kuɓuta. Ummi ta kamu.

Na tambayi likita, yaya aka yi na'ura ta yi ƙarya? Ta ce, "Ba ƙarya ta yi ba, Malam Sule. Ta ga alama, ta ba ka lamba. Tana kamo mutane da yawa da idonmu zai tsallake. Amma mutum ne ya yanke cewa daga lamba kaza zuwa sama za a gwada, saboda kayan gwaji ba sa isa. Taka ta tsaya ƙasa kaɗan."

Na ce, "Wane mutum?"

Ta ce ba ta sani ba. Na yarda da ita. Na tambayi duk wanda na samu, kowa ya nuna na sama da shi. Har yau ban ji suna ba, ban kuma san wa da wa ke riƙe da hotona ba.

Magani kyauta ne, wannan gaskiya ce. Amma kuɗin mota da abinci mai gina jiki da zaman wata shida ba aiki, su suka cinye keken ɗinkina ɗaya. Kullum da safe ƙwayoyi kafin karin kumallo. Fitsari ya koma ja, gaɓoɓi suna ciwo. Na Ummi a ruwa ake narkawa, tana kuka tana cewa, "Baba, sha naka tukuna." Sai in sha a gabanta, sannan ta buɗe baki.

Alhamdulillahi an sallame mu, mu biyun. Ummi ta koma makaranta, ni ma na buɗe shago.

Ina godiya ga Allah, da Yaya Habi, da matata da ta riƙe gida, da likitar nan, da maƙwabtan da ba su guje mu ba. Allah ya saka muku da alheri.

Shawarata: in tari ya wuce mako biyu, ku nemi gwajin majina, ko me allo ya nuna. Ku je a ɗauki hoton, yana da amfani, amma kada ku tafi ba ku faɗi abin da jikinku ke ji ba. In an karɓi lambar wayarku, ku tambayi inda bayananku za su. In an fara magani, kada a yanke.

Kuma duk wanda ya ce muku na'ura ce ta yanke, ku ce ya faɗa muku sunan mutumin da za ku koma wa idan ta kuskure.