Mun Kai Albishir Lajawa, Aka Shimfiɗa Mana Tabarmar Makoki

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, mu uku a tsohuwar motar abokina: ni, da shi mai motar, da wani kawunmu dattijo wanda ba a yanke maganar dangi sai da shi. Ranar Juma'a ce, an kwana ana yayyafi, titi duk a jiƙe. Kun san ni da surutun siyasa, to wannan karon ba taron kowa na je ba. Lajawa muka nufa, can ƙasar Wudil, wajen yayata, kuma sauri muke yi mu riga wata ƙarya isa gidanta.

Ɗanta na fari, Sabi'u, soja ne a arewa maso gabas. An kai hari sansaninsu, wayarsa ta daina shiga, sai ga hotonsa yana yawo a wayoyin mutane, an rubuta Allah ya jiƙansa a ƙasa. Ni kaɗai na san abin da na haɗiye a kwanakin nan. Ranar Alhamis da la'asar wata baƙuwar lamba ta kira ni, ina ɗauka sai na ji muryar Sabi'u. Yana asibitin sojoji, harsashi ya same shi a cinya, an yi masa aiki, har ya samu bakin mitar cewa miyar asibiti ba gishiri. Na yi ta hamdala har maƙwabta suka leƙo.

Matsalar ita ce Yaya tana da hawan jini, kuma tun rasuwar mijinta jikin nata sai lallaɓawa. Wayarta kullum a kashe, ba caji. Ga shi Juma'a ce kasuwar Wudil, rabin ƙauyen za su fito, kuma ba yadda za a yi a ci kasuwa a watse wani bai nuna wa wani hoton nan ba. Na ce a kira maƙwabcinta ya gaya mata gaskiya, kawu ya hana. Ya ce a wajenmu in aka ce maka a waya ɗanka yana asibiti, ka fara neman tabarmi kawai, don da haka ake soma faɗar mutuwa. Sai dai mu je da ƙafarmu.

Muna wuce Mariri gari ya waye. Damina ta yi kyau bana, gero ya fitar da kai, masara ta yi goyo, ko'ina kore shar. Manyan motoci cike da shanu suna ta ɗibar hanya, samari a zaune can ƙololuwa suna rangaji kamar a kan tabarmar gidansu. Don in rage zullumi sai na ɗauko zancen da na iya, na shiga ba su labarin wane ya fice daga jam'iyya, wane yana shirin binsa, da abin da hakan zai jawo a zaɓe mai zuwa. Abokina ya ce in dai ba sauƙin man fetur zancen zai kawo ba, in bar shi ya ji da ramuka. Na waiwaya wajen kawu neman goyon baya, na tarar carbi na hannunsa, shi kuma ya yi nisa a barci.

Kafin mu kai Gano muka ji jiniya a bayanmu. Jerin gwanon wani babba ne, motoci baƙaƙe masu baƙin gilashi, 'yan rakiya sun leƙo da bulala suna korar kowa. Abokina ya kauce da sauri, ƙafar motar ta baya ta nutse a taɓo. Suka wuce suka watsa mana ruwan kwalta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fito ina tambayar wane ne wannan, daga ina zuwa ina. Manoman da suka zo tura mu ba wanda ya ko ɗaga kai ya bi motocin da kallo. Wata mai dafaffiyar masara a bakin titi ta ce ko ma wane ne, ita dai ta san ba masara zai saya ba. Aka yi dariya, aka turo motar, muka sayi masarar don kunya. Ni dai ina ta duban rana tana ɗagawa.

Kogin Wudil ya cika ya yi jajir da ruwan damina. Daga kan gada ana hango masu ɗiban yashi a kwale-kwale, mutum ya nutse da bokiti ya taso ya juye, ya sake nutsewa. Garin ya riga ya ɗinke da 'yan kasuwa, ga tukwanen ƙasa an jera, ga awaki ana ja suna turjewa, ga ƙamshin soyayyen kifi ya cika ko'ina. Na so mu wuce kai tsaye, kawu ya ce maganinsa ba a sha sai an ci abinci, don haka muka zauna a teburin wani mai shayi. Na sayi kifi tsaraba. Ƙullin da bara zai ishi gida, bana kuɗinsa sai ɗan abin da mutum biyu za su taɓa. A cikin fostar wani ɗan takara aka naɗe min shi, mai ya jiƙe masa fuska har hular ta ɓace.

A teburin akwai direbobi da 'yan jami'a, rediyo na rataye a jikin rumfa. Ana cikin haka aka sako labarin harin, wannan dai da ya kusa cinye mana yaro. Na kasa kunne, sai mai shayin ya miƙa hannu ya rage murya, don wani yana son ya ji ko ƙwai nawa za a fasa masa. Na tambayi ɗalibin da ke kusa da ni ko ya ji abin da aka faɗa. Ya ce, "Baba, ai kullum cikin kai harin ake. Mu dai Allah ya kiyaye." Ya juya suka ci gaba da musun ƙwallo, har da buga tebur. Ba zan ɓoye muku ba, na ji ciwon abin. Na ce a raina, yaro yana can kwance da cinya a ɗinke, waɗanda yake karewa ko a jikinsu.

Daga nan muka saki kwalta muka kama hanyar Lajawa. Laka ce da kududdufai, motar tana tafiya tana kuka. Duk wanda muka haɗu da shi kasuwa ya nufa, a babur ko a amalanke, ba mai dawowa, sai na ɗan samu natsuwa. A nan ne kawu ya kawo shawara. Ya ce mace mai hawan jini ba a faɗo mata da maganar harsashi haka kawai, mu fara biyawa wajen liman, mutum ne mai sanyin baki, shi zai san yadda zai jera maganar. Muka ce hakan ya yi.

Muka ajiye mota a ƙofar masallaci, muka yi wa liman bayani. Ya yi hamdala, ya shiga gida ya naɗo rawani, ya ɗauko sanda. Wani dattijo da ke zaune a wajen ya tashi ya biyo mu. Muka jero, liman a gaba, kawu da carbi, kowa yana shirya abin da zai ce a ransa. A cikinmu ba wanda ya tsaya ya dubi yadda muke a idon mai kallo. Mota daga birni da safe ba sanarwa, ta tsaya a ƙofar liman, liman ya sa rawani ya ja maza zuwa gidan uwar soja. A ƙauye wannan fassararsa ɗaya ce. Matan da ke bakin famfo suka sauke bokitai suka fara salati. Kafin mu kai zaure wani ya riga ya fito da tabarmi yana shimfiɗawa a ƙofar gida, wata maƙwabciya kuma ta fasa kuka ta bayan danga. Sai a lokacin na gane abin da muka jawo.

Mun tarar da Yaya tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye rariya, ta ja mayafi ta zauna a ƙasa. Liman ya fara gaisuwa, ina kwana, ya gida, ya damina, ya jiki, tana amsawa da ƙyar. Daga nan ya gyara murya ya ce kowane bawa da irin jarrabawar da Allah ke yi masa. Na ga hannunta ya damƙi bakin turmi.

"Malam, ku faɗa min kawai," in ji ta. "Sabi'u ne ko?"

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗan fari ne, kullum sai dai ta ce yaron nan, ko ta ce min ɗan naka. Ban taɓa katse liman ba a rayuwata, amma ranar na katse shi.

"Yaya, yana raye. Jiya na yi magana da shi. A ƙafa ya ji ciwo, yana asibiti."

Ta girgiza kai, ta ce ranar da mijinta ya rasu ma asibiti aka ce mata. Ba abin da ya rage sai ta ji muryarsa. Waya kuwa ba ta kamawa a gidan, sai an hau wani tudu a bayan gari. Haka muka ɗunguma, ita ko takalmi ba ta tsaya sawa ba, mata na biye da mu. Na kira baƙuwar lambar, mai wayar ya ce Sabi'u yana wani ɗaki, bari ya kai masa. Jiran nan ya fi min duk tafiyar tsawo. Da muryar ta fito na kara mata a kunne. Ta saurara, can ta ce, "To, sannu. Allah ya ƙara sauƙi." Ta miƙo min wayar kamar da baƙo ta gaisa, kunyar ta dawo, ta juya mana baya, sannan ta yi kukanta.

Tabarmin da aka shimfiɗa don makoki a kansu muka ci dambu da kifin Wudil. Liman ya yi ta dariyar kansa, ya ce rawanin ne ya ɓata lamarin. Kawu kuwa ya dage shawararsa daidai ce, tafiyarmu ce ta yi kama da ta masu ta'aziyya. Maƙwabciyar da ta fi kowa kuka ita ta fi kowa cin kifi. Bayan an sauko Juma'a sai ga wani mutum a babur daga kasuwa, fuska a murtuke, waya a hannu, ya zo da hoton. Ya tarar da mu muna wasa da dariya, ya tsaya sororo. Da shi ya riga mu, ban san abin da zan rubuta muku yau ba.

Da muka keɓe na tambayi Yaya ko ta ji labarin harin tun farko. Ashe ba ta ji komai ba. Tun da ya tafi ta bayar da rediyonta.

"Kullum kana mana faɗa ba ma sauraren labarai," ta ce. "In na kunna aka ce an kashe sojoji, ba sa cewa ɗan wane ne. Sai in wuni ina ganin nawa a ciki. Su da suka tura su, ko na saurara ko ban saurara ba, me zai canja musu?"

Na tashi na je na ce wa su kawu mu fara haramar tafiya.

Mun taso da la'asar, muka ratsa Wudil kasuwa na watsewa, ana ta lodin shanu, muka shigo Kano ana kiran magariba. Na yi sallah na miƙe ƙafa, na ji jikina sakayau. Ba zan ce duk wanda ya rage muryar rediyo yana da ɗa a fagen daga ba. Akwai waɗanda da gaske ko oho ne, kuma masu jiniya haka suka fi so. Zan ci gaba da surutuna, don har yanzu ina ganin shirunmu ne ke ƙara musu ƙarfi. Amma na daina saurin yanke wa mai shiru hukunci, tunda ban san abin da ya sa shi toshe kunne ba.

Akwai maganar da na riƙe sai da muka zo shiga mota a Lajawa, don ina tsoron yadda za ta ɗauke ta. Sabi'u ya gaya min likita ya ce zai yi ɗingishi, da wuya ya sake komawa fagen daga da wannan ƙafar. Na faɗa wa Yaya a hankali, ina shirin ba ta haƙuri. Ta tambaye ni ko likitan ya tabbata, na ce haka dai ya ce. Sai ta ɗaga hannu biyu sama ta ce alhamdulillahi.