Tsagar Da Na Goge A Hoto

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da shida, na gama makaranta ina zaune a gidanmu a Dutse babu aiki, sai ɗan hoton amare da nake ɗauka da tsohuwar kyamarar yayana. Wani Alhaji dillalin gidaje ne ya neme ni, saboda ni mace ce, ina iya shiga gidan da aka rubuta ba shiga in ɗauko masa hoton ɗakuna, ya tura wa masu neman haya ta waya.

Ban san ɗaukar ɗaki ya fi ɗaukar mutum wuya ba sai da na fara. Bango ya fito a karkace, taga ta yi fari fat, ɗaki ya yi duhu. Wata uku ina koyo a bidiyon waya, ina durƙuso a kusurwa har gwiwata ta yi kanta. Na koyi jiran hasken hantsi, na koyi tsayar da kyamara daidai ƙirji don bango ya miƙe, na sami gilashin kyamara da ke mai da akurki falo. Daga baya na iya goge abu a kwamfuta. Alhaji ya ce hannuna da albarka, ni kuwa na saki jiki.

Wata rana ya tura ni wani gida a unguwar Takur. Falon ba laifi, amma a uwar ɗaka silin ya kumbura, ga tabon ruwa, ga tsaga ta sauko har kusa da taga. Da na nuna masa, ya ce mai gidan zai gyara kafin damina, in goge kawai, ai hoto kwalliya ne. Raina bai so ba. Amma gida huɗu na zaga ranar cikin zafi, ba ni da ƙarfin musu. Minti goma ban yi ba na goge.

Wata ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canji daga Jahun ta kama gidan. Aiki bai bar ta ta zo dubawa ba, hoton ta yarda da shi. Sai da ta iso da kaya a mota da tsohuwar mahaifiyarta ta ga tsagar, ga shi ta riga ta saki gidan da take ciki a Jahun. Aka yi mata alkawarin gyara, ba a yi ba. Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka bayan azahar tana wurin aiki, silin ya rufto kan tsohuwar tana kishingiɗe, ya karya mata ƙugu.

Bayan mako biyu matar ta zo har gidanmu. Na shirya jin zagi, amma sai ma ta ce mini ƙanwata. Ta ce hoton ɗakin nan ta fi dubawa, tana ta buɗa shi da yatsa, domin nan Iya za ta kwana. Ta ce abu ɗaya take so, in ɗauko kyamarata in je in ɗauki ɗakin yadda yake. Na bi ta. Iya na kwance a falo kan katifa, ta ce mini sannu 'yata, ta sa a ba ni ruwa. Na ɗauki hotunan, ko ɗaya bai miƙe ba.

Alhaji ya ce ƙaddara ce, kuma kowa haka yake yi. Na bar masa aiki. Har yanzu ina ɗaukar gidaje, sai dai duk tsagar da na gani tana fitowa, shi ya sa masu kirana suka ragu. Na gaji, kullum sai na yi wa mai gida bayani. Iya kuwa har yau da sanda take tafiya.

Na gane ƙarya ba sai da baki ba, hannu ma yana yi. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, ku gyara haske, ku miƙar da bango, amma kada ku ɓoye aibi. Masu neman gida kuma ku taka da ƙafarku ko ku tura amintacce. Duk ɗakin da muka ɗauka, uwar wani ce za ta kwanta a ciki. Allah Ya yafe mini.