Macijin da Taubashina Ya Kai wa Tsuntsaye

Taubashina ya goge mini memori. Ba bisa kuskure ba, kada wani ya zo ya ce mini kuskure. Ya shigo gidana da rana tsaka, ya ci shinkafa da waken matata, ya zare ɗan katin da bai kai farcen babban yatsa ba, ya kai wa masu turi suka cika shi da kiɗa. Abin da ke cikin katin nan shi ne kaɗai shaidata a duniya cewa ni ba maƙaryaci ba ne.

Da na bar makaranta a aji biyu na sakandare, aka kai ni shagon wani mai buga takardu kusa da kasuwar kifi ta Haɗeja. Akwai tsohuwar kwamfuta a shagon, allonta baƙi, rubutunta kore, tana gurnani kamar injin markaɗe. A cikin faifan fulofi guda, irin wanda ake zura mata, akwai wasan maciji. Kana tuƙa shi yana haɗiyar ƙwai yana tsawo, in ya ciji jelarsa ka mutu. Wasan yana ajiye sunayen gwanaye goma, haruffa uku uku, da makin kowa.

Wata rana maigidan shagon ya tafi ɗaurin aure Malam Madori, na zauna na ci maki dubu tara da ɗari huɗu. Mutum ɗaya ne a wurin, ɗan gwaggota, taubashin nan, ya zo sayen banda. Ya leƙa allon, ya ƙirga da baki, ya tafi. Da yamma a majalisa na ba da labari, sai ya ce ɗari tara ya gani. Kafin in kwaso mutane su gani da idonsu an ɗauke wuta, washegari maigida ya hana wasan, da damina kuma ruwa ya shiga shagon kwamfutar ta sha ta ƙoshi. Fulofin kawai na tsira da shi a aljihu.

Tun daga nan, duk ƙaryar da aka shara a majalisarmu sai a ce, "Dubu tara ke nan." Ko jinjirin wata na ce na gani, sai a ce a jira wani ya gani. Shekara ashirin da bakwai ina shan wannan.

Bara na ga bidiyo a waya, wani Bature yana riƙe da 'yar na'ura tsirara, ba riga ba murfi, girmanta kamar sabulun wanka, ya sa ta tana kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci. Turancinsa ba na kamawa, hannunsa nake kallo. Na tafi Kano na saya. Na kuma nemo wani tsohon mai gyara da har yanzu yake da abin karanta fulofi. Ya hura, ya yi bisimilla, ya zura. Fulofin ya karantu sau ɗaya, ya juye mini a memori. Da ya sake zurawa sai ya yi ƙiii, ya mutu. Tsohon ya ce in ajiye kwafi a wani wuri dabam. Ban ajiye ba, kuma ba wannan ne zancen ba.

Na dawo gida na sa wa na'urar memorin, na jona ta da talabijin. Baƙi ƙirin. Sati guda ina zagin wanda ya sayar mini, ashe caja ce ba ta ƙosar da ita. Na ɗauki ta wayar matata, mai kauri, sai ga haske. Matata ta koma kai wayarta caji bakin titi, tana gaishe ni da ƙyar.

Hasken ya zo, amma tsohuwar kwamfuta ta ƙi fitowa. Rubutu ne layi biyu, ya tsaya cak. Na kwafe shi a takarda harafi bayan harafi na nema a waya. Ashe akwai wani ɗan fayil da tsohuwar take farkawa da shi, in babu shi jaririyar na'urar tawa ba ta san wa za ta kwaikwaya ba. Na samo har guda shida, biyar na wasu kwamfutocin ne. Ɗaya ma da na sa, sai ta gaishe ni da rubutun da ban san na wace ƙasa ba ne.

Na shida ya yi. Allo ya koma baƙi, rubutu kore. Na danna, maciji ya fito, kafin in ƙifta ido ya doki bango ya mutu. Na sake, ya sake. Jaririyar ta fi tsohuwar gudu nesa ba kusa ba, macijin ya zama kamar ɗan acaɓa da ya ga 'yan sanda. Sai da na gano lambar da ake rage wa gudu. Na rage da yawa, ya koma tafiyar mai ciwon baya. Kwana uku ina ƙarawa ina ragewa har ya yi daidai da yadda na san shi.

Sannan kibod. In na danna sama ya yi hagu, in na danna hagu ya tsaya yana kallona. Na gyara wannan ma. Sannan zafi. Watan azumin bara kun san yadda garin nan ya yi. Minti goma sai ta ɗau zafi ta sume. Na jiƙa buhu na shimfiɗa a kan murfin randa, na ɗora faranti, na ɗora ta a kai, ina yi mata fifita da mafici. Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni da na haifa maka biyar ban taɓa samun wannan fifitar ba."

Ran wata Laraba bayan salla na kai ga allon gwanaye. Ga haruffan sunana uku a sama, ga dubu tara da ɗari huɗu, kore shar. Ban ɗauki hoto ba, don na san su, za su ce haɗawa na yi. Na bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya na ce ranar Juma'a bayan la'asar kowa ya zo gidana. Har lemo na saya.

Ran Alhamis na je ta'aziyya Kaugama. Na dawo na kunna, baƙi ƙirin. Na duba caja, na duba waya, na jiƙa buhu. Sai na juya ta, na ga ramin memori wayam.

Matata ta ce ɗan gwaggo ya zo. Ya ci abinci, ya ce ta kunna masa abin da ake ta zance. Ta kunna, don ta gaji da ganin yadda nake yi har ta iya. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya zare katin ya ce ta gaya mini taubashi ya ɗauka.

Wanda bai sani ba, abin da taubashi ya ɗauka ya ɗauku. Ya taɓa cire mini hula a masallacin Idi, ya taɓa tafiya da zakarana. In ka kai ƙara wurin manya dariya za su yi, su ce wasa ne na jini. Ni ma na taɓa ɗauke masa takalmi, amma takalmi ƙafa ɗaya ne.

Na ruga wurin mai turin da ke bakin tasha. Ya ce e, an kawo. Kwamfutarsa ta ce katin ba shi da lafiya sai an wanke, shi kuma ya wanke tas, ya zuba kiɗan kalangu na awa huɗu, mai ƙarfi, kamar yadda aka ce masa.

Juma'a da sassafe na hau babur zuwa Auyo, na shiga kwalekwale na tsallaka zuwa fadamar da taubashin nawa yake noman shinkafa. Tun daga nesa nake jin kalangu. Ya ɗaure rediyo a kan gora a tsakiyar gona, wai korar jan-baki yake, tsuntsayen nan masu cinye shinkafa. Uku daga cikinsu suna zaune a kan rediyon.

Yana gindin bukka yana cin gyaɗa. Ya ce, "A'a, ɗan kawu! Dubu tara da kansa! Ka zo taya ni kora?"

Na ce, "Ka gani ko ba ka gani ba?"

"Me?"

"Allon. Matata ta ce ka kalla."

Ya ɓare gyaɗa, ya hura ɓawon. "Na ga wani kore-kore. Idona ba kamar da ba. Kamar ɗari tara."

Mai kwalekwalen ya fara dariya, alhali bai san komai a kai ba. Na tsaya cikin taɓo har idon sawu, na nuna taubashina da yatsa.

Na ce, "Ɗan gwaggo, da ɗari tara ka gani, da kai za ka riga kowa zuwa gidana yau, ka zauna a gaba, ka sha lemona. Ka gani sau biyu, da ido na saurayi da ido na tsoho, kuma ka san na san ka gani. Yanzu ka tashi ka wanke ƙafa, la'asar a gidana za ta yi maka. Kai ne memorin. Zan ɗora ka a kan randa in yi maka fifita har ka faɗa."